Duwatsun da Aka Wanke da Sabulu

La'asar ta yi sanyi lokacin da Mai ɗinki ta gama wanke duwatsun mijinta. Ta jera su a kan tsohon buhu a tsakar gida don su sha iska, guda arba'in da ɗaya, ta miƙe tana dafe da ƙugu tana kallonsu. Sun fito fes. Ta ji irin daɗin da mace ke ji in ta kawar da dattin da ya daɗe yana tsone mata ido. Ruwan bahon ya yi jawur, ga wasu 'yan mitsi-mitsin takardu suna yawo a samansa. Ba ta ko tsaya duba su ba, ta kai bakin rariya ta juye.

Mijin nata, duk unguwa Safiyo ake ce masa, wato mai awon ƙasa, ko da yake shi bai taɓa sa ido a na'urar awo ba. Shekara ashirin da shida ya yi yana riƙe wa masu awon ƙasa sanda a cikin rana har ya ajiye aiki. Abin da aikin ya bar masa shi ne ciwon gwiwa da wata ɗabi'a guda: ba ya ɗaukar abu daga wuri sai ya rubuta inda ya ɗauke shi. A bayan unguwarsu akwai wani kwari da ruwan sama ke ci duk damina. Da kamfanin hanya ya zo ya fara yankar gefen tudun da ke kansa, sai gaɓar ta buɗe, ƙasa hawa-hawa, ja da fara da ruwan toka, kamar yadudduka a kantar mai shago. A cikinta Safiyo ya fara tsintar duwatsu masu ban mamaki, wani da katantanwa a nannaɗe a cikinsa, wani da ƙayar kifi tun daga kai har wutsiya, wani da ganye har jijiyoyinsa. Wani malamin makaranta ya gaya masa wai can da, tun ba a yi mutane ba, teku ce ta rufe wurin. Shi ke nan, mutum ya samu abin yi.

Duk Asabar sai ya ɗauki ƙaramar guduma da tsohon buroshin haƙori, 'yarsu Auta ta bi shi da bokiti. Shekararta goma sha shida, ita kaɗai ta rage a gabansu, yayyenta duk sun yi nisa. Ita ce mai ido, ita ce mai hawa inda gwiwarsa ba ta kai shi. In sun dawo sai ya liƙa wa kowane dutse 'yar takarda mai lamba a ƙasansa, ya buɗe littafi ya rubuta: taku kaza daga turken wutar lantarki, kamu kaza daga ƙasa. Kuma ba ya yarda a sa musu ruwa.

"Mutum da furfurarsa yana tsintar tsakuwa," in ji Mai ɗinki kullum. "Maza na kawo wa matansu kifi, ni nawa mijin kifin dutse yake kawo mini. In soya shi ko in dafa?"

"Ki bar shi ya huta," yakan ce yana dariya. "Ya riga ki zama a unguwar nan."

To, a falon gidan take ɗinkinta, kantar da yake jera duwatsun kuma tana daidai saman keken. Da safiyar ranar jar ƙasa ta zubo a kan farin yadin wata mata ta ɓata shi. Shi ya sa ta jira Safiyo ya tafi dubiya asibiti, ta kwashe su gaba ɗaya ta jiƙa a ruwan sabulu, ta bi su da soso ɗaya bayan ɗaya.

Auta ce ta fara dawowa, daga darasin yamma. Ta yi sallama, sai ta tsaya cak da jaka a kafaɗa. Ta durƙusa ta ɗauki dutse ɗaya ta juya ƙasansa, ta ajiye, ta ɗauki wani.

"Mama, ina lambobin?"

"Waɗanne lambobi kuma? Ke ko sannu da aiki ba za ki ce ba?"

Yarinyar ta ci gaba da juya duwatsun. Da Safiyo ya shigo ya daɗe a tsaye a kansu, sandarsa a hannu. Mai ɗinki ta shirya masa amsoshi kusan goma a bakinta, tana jira ya fara. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ai kuwa sun yi haske." Ya wuce ɗaki. Da ya yi faɗa ma da ta fi jin sauƙi.

Ana kiran magariba, iska ta tsaya. Kajin maƙwabta da suka saba hayaniyar shiga akurki suka yi tsit. Mai ɗinki tana alwala ta ji ƙwal a kan kwanon rufi, aka yi shiru, aka sake ƙwal, sai kuma ruwan tsakuwa ya sauko, yana gangarowa yana zuba a tsakar gida. Safiyo ya fita da fushi yana zaton yara ne. Ya zagaya gidan har bayan katanga, babu kowa, ko kare. Ta ɗauki tsakuwa ɗaya ta ji ta a jiƙe, mai sanyi, tana ƙarni kamar teburin mai kifi, alhali rabon garin da ruwa kwana takwas. Auta kuwa tana nan durƙushe a gaban buhun, tsakuwa na faɗuwa kewaye da ita, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Auta, tashi ki shiga ɗaki."

Sai da uban ya kama hannunta sannan ta tashi, kuma tana tafiya tana waiwaye.

Haka aka fara. Kullum daga kiran magariba zuwa lokacin da duhu ya gama rufewa, jifa. In duhu ya yi sai a daina, kamar an gaji. Gindin bangon falo ya fara fitar da wani farin abu. Mai ɗinki ta dangwala a harshe ta ji gishiri. Ta share, washegari ya dawo. A rana ta uku tana ɗinki ta tsayar da keke domin ta ji kamar ana magana a ƙarƙashin simintin, ƙasa-ƙasa, muryar tsohuwa mai neman wani abu a cikin kaya: "Ba shi ba ne... wannan ma ba shi ba ne..." Ta karanta duk abin da ta iya, wanda ba shi da yawa, ta sake tada keken da ƙarfi don kada ta ji.

Auta ta daina zuwa makaranta. Tun safe za ta zauna a ƙasa ta zube duwatsun a gabanta, ta jera su layi-layi, ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta kai shi kunne, ta canza masa wuri, ta rushe layin ta sake farawa. An ɓoye duwatsun a ƙarƙashin gado ta samo su. An kai su gidan maƙwabci, ta riƙa buga goshinta a bango har aka dawo da su. Abinci kuwa sai dai a ɗura mata ruwan shayi da cokali, rabi ya shiga rabi ya bi haɓa. Yarinyar da ba a jin kunne saboda surutunta, wadda ke kwaikwayon tafiyar ubanta har ya bi ta da sanda yana dariya, ta koma kamar hoto.

Suka kai ta asibiti. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kai, likita ya ce bai ga komai ba, ya rubuta magani ya ce a dawo bayan mako biyu. Mai ɗinki ta kalli wuyan 'yarta da ya zama kamar mariƙin lema, ta san ba su da mako biyu.

Safiyo ya gwada abin da ya iya. Ya buɗe littafinsa ya zauna kusa da Auta, yana karanta lamba yana duba duwatsun. Na kifin ya gane, na ganyen ya gane, da wasu guda biyar. Sauran duk katantanwa ne, guda talatin da huɗu, kowanne kamar ɗan'uwansa. Da can da kalar ƙasar da ke jikinsu yake bambanta su. Ya rufe littafin a hankali. Bai kalli matarsa ba, ita ma ba ta kalle shi ba.

A rana ta goma sha ɗaya wata maƙwabciya ta yi musu kwatancen wani malami mai gyaran agogo a kasuwa, wanda ake cewa Allah Ya ba shi sanin irin wannan lalura. Ya zo bayan azahar, ɗan ƙaramin mutum mai tabarau mai kauri, muryarsa ƙasa-ƙasa. Bai zo da komai ba sai gorar ruwa. Ya dubi gishirin bango, ya dubi duwatsun, ya ce a rufa wa yarinyar mayafi, uwa ta zauna a bayanta ta riƙe ta. Ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Mai ɗinki tana jin ƙasusuwan bayan 'yarta a ƙirjinta. Can sai jikin ya yi sanyi ƙalau, ya yi nauyi, kamar an ɗora mata buhun yashi jiƙaƙƙe. Kan Auta ya ɗago. Idanunta a buɗe suke amma ba sa kallon kowa.

"Ya isa, ɗan nan. Ina jin ka. Ba kurma ba ce ni, makauniya ce."

Muryar da ta ji a ƙarƙashin siminti ce. Mai ɗinki ta so ta saki yarinyar ta gudu, sai ta ƙara ƙanƙame ta.

"Wace ce ke, baiwar Allah?" in ji Malam.

"Wanda ya san sunana ya mutu tun akwai ruwa a can."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Aron idonta da hannunta na yi."

Ya ce ta yi bayani. Ta yi, a hankali, tana tsayawa kamar mai hawan tudu. Ta ce gaɓar nan gidansu ce tun tana ƙarƙashin teku. Danginta duk sun ƙare, ita kaɗai ta rage, kuma a ƙarƙashin kowane dutse mai hoto akwai wani nata da ta kwantar: 'ya'ya, jikoki, miji. Idonta ya mutu da daɗewa, da ƙanshin ƙasar da ke jikin kowane dutse take gane na wane ne. Da injuna suka zo suna cin tudun, sai ga wannan dattijo yana ɗaukar duwatsun a hankali, yana rubuta wurin kowanne.

"Ban hana shi ba. Na ce mai rubuta wurin abu ai mai niyyar mayarwa ne. Na bi su na zauna a kan kantarku shekara biyu, ban taɓa ko kofi ba. Matar nan tana ɗinki ina jin ta, har waƙa take yi. Sai rannan na taɓa su na ji duk ƙanshin sabulu suke yi." Hannun Auta ya laluba buhun. "Ban san wanne ne ɗana na fari ba. Ka taɓa rasa kabarin ɗanka, ɗan nan?"

Malam ya ce, "An cuce ki, ba da niyya ba. Amma ke ma kin san abin da kike yi zalunci ne. Yarinyar nan mutuwa take yi a hannunki."

"Na sani. To ni wa zan kai wa ƙara? Katafila?"

"Me kike so ki fita?"

"A mayar da kowa wurinsa. Hannun yarinyar nan ne ya ciro su, in ta tsaya a gaban gaɓar zai tuna. In an gama zan sake ta, in koma in kwanta a cikinsu, su zuba mana kwaltarsu a kai. Na gaji."

Mai ɗinki ta miƙe zumbur. Ashe abin mai sauƙi ne! Kafin Malam ya ce komai ta riga ta ɗauko bokitai biyu tana zuba duwatsun.

Suka fita rana ta fara karkata. Malam a gaba, Safiyo da bokiti ɗaya da littafinsa a hammata, Mai ɗinki da ɗayan bokitin a ka, hannunta riƙe da Auta wadda ke tafiya da sauri kamar ba ita ce ta kwana goma sha ɗaya ba ta ci ba. Mata suna leƙe ta ƙofofi. Wannan ne karon farko da Mai ɗinki ta taka hanyar kwarin.

Maigadin kamfanin yana zaune a kan bulo, ya hango su ya washe baki.

"Safiyo manyan ƙasa! Yau har da uwargida aka zo haƙar zinariya? Ai kun makara, tun shekaranjiya aka..."

Ya ga fuskar Auta, ya haɗiye sauran. Ya ɗaga musu igiyar suka wuce.

Babu gaɓa. Babu tudu. Daga inda suka tsaya har iyakar ganinsu fili ne shimfiɗaɗɗe, jawur, an daɓe shi sumul, ga sawun injin daɓe a kansa. Turken lantarkin da Safiyo ke ƙirga taku daga gindinsa an tumɓuke shi, yana kwance a gefe cikin tarin baraguzai. Safiyo ya ajiye bokitin. Ya juya hagu, ya juya dama, yana neman abu ɗaya da zai kama ya ce daga nan ne. Littafin ya zame daga hammatarsa ya faɗi, bai sunkuya ba.

Auta ta fizge hannunta. Ta ɗauki dutse ɗaya daga bokiti, ta taka cikin filin, taku bayan taku, ta tsaya a wani wuri da bai bambanta da ko'ina ba. Ta ɗaga dutsen sama da kanta, ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ta miƙa shi cikin iska kamar mai sa kaya a kanta, ta sake shi. Ya faɗo ƙasa tim. Ta dawo ta ɗauki wani, ta je wani wurin, ta miƙa, ta saki. Ya faɗo. A na huɗu ta zauna a ƙasa. Kukan da ya fito daga bakinta ba na yarinya ba ne, kuma ba shi da ƙarfi. Ma'aikata biyu da ke wanke hannu a bakin tanki suka ɗauki rigunansu suka bar wurin.

Malam ya durƙusa a gabanta ya ce, "Kin gani da idonta. Babu wurin mayarwa. Ba laifin yarinyar nan ba ne. Ki fita don Allah."

"In fita in je ina? A duk duniya wuri ɗaya ya rage da gaɓar take tsaye, kowane rami a inda yake. A cikin kan yarinyar nan. A nan zan zauna."

Ya sake fara karatu, wannan karon da ƙarfi, yana yayyafa mata ruwan gorar. Jikin Auta ya riƙa karkarwa, ya sandare, ya saki, ya sake sandarewa. Jini ya fara bin hancinta. Tsohuwar ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba, cewa kawai take, "Ƙona ni, ɗan nan. Ƙona ni. Ba ni da inda za ni." Rana ta yi ja. Malam ya tsaya, ya kama wuyan hannun yarinyar ya daɗe yana saurare da yatsunsa. Ya dubi iyayen ya girgiza kai.

"Jikinta ba zai ɗauki ƙari ba."

Mai ɗinki ta rarrafa ta zo gaban 'yarta, ta kama gwiwoyinta.

"Iya, ki dube ni. Ni ce na wanke su. Wallahi ban sani ba. Ki fita daga jikinta ki shiga nawa, ki yi yadda kika ga dama da ni."

Idanun da ba sa gani suka juyo wajenta.

"Me zan samu a kanki, 'yar nan? Shekara biyu suna zuwa, ko sau ɗaya ba ki biyo su ba."

Babu faɗa a maganar, shi ya sa ta fi ciwo. Sannan tsohuwar ta ce akwai hanya guda. Za ta iya fita, ta tafi da gaɓar, ta ciro ta daga kan yarinyar ta tafi da ita inda ba injin da zai kai.

"Amma ku ji da kyau, kada a ce na yaudare ku. Ni makauniya ce, ban iya tsince ba. Yadda ubanta ke ciro dutse da ƙasar da ke kewaye da shi, haka zan ciro. Duk inda take ajiye sanin wurare a kanta, da shi zan tafi. Hanya, ƙofa, lungu, gabas da yamma. Mutanenta za ta gane su. Wuri kuwa ba za ta ƙara ganewa ba."

"Har yaushe?" in ji Safiyo. Maganarsa ta farko ke nan tun da suka iso.

"Ba na dawowa, dattijo."

Suka dubi Malam. Ya cire tabaransa ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Ya ce shi bai saba ciniki da aljanu ba, kuma bai taɓa jin irin wannan ba, ba zai ce musu ga girman abin da za a rasa ba. Abin da ya sani shi ne in aka bar ta a haka, yarinyar ba za ta kai Juma'a ba. Ya ce su ne iyaye.

Safiyo ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Mai ɗinki ta jira shi ya yi magana, ta jira, ta gane ba zai yi ba. Ta goge jinin hancin 'yarta da bakin mayafinta. Ta tuna yadda Auta tun tana shekara biyar take zuwa shago ita kaɗai, ta dawo tana ba da labarin duk wanda ta gani a hanya.

"Ki ɗauka," ta ce. "Ki bar mini ita da rai."

Malam ya sa tsohuwar ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba, ba za ta taɓa kowa na gidan ba. Ta yi. Sannan ta ce a bar duwatsun a nan, a tara su wuri ɗaya, tunda an rasa na wane ne gara su kwanta tare. Safiyo ya juye bokitan. Auta ta ja wani dogon numfashi, ta sake shi a hankali, ya daɗe yana fita. Ƙarnin nan ya taso ya cika wurin, ya wuce su ya yi yamma. Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafafunta ta jiƙe kamar an zubar da tulu. Jikinta ya yi ɗumi.

Ta buɗe ido.

"Mama, yunwa nake ji."

Ranar ba a yi jifa ba, kuma ba a sake yi ba. Gishirin bango ya bushe ya kakkaɓe. Cikin wata guda Auta ta mayar da jikinta, dariyarta ta dawo, har kwaikwayon tafiyar ubanta. Maƙwabta suka yi ta zuwa barka, Mai ɗinki tana amsawa.

Su ba su ga abin da uwar take gani ba. In Auta ta tashi za ta banɗaki sai ta tsaya a tsakar gida tana juyawa, ƙofofi uku ne kacal, ba ta san wacce ba. In an nuna mata ta shiga, in ta fito sai an sake nuna mata hanyar ɗaki. Karatunta yana nan, tana iya karanta komai ta yi lissafi, amma makaranta ta gagara, don ko an kai ta aji, in ta je shan ruwa ba ta dawowa. Sau ɗaya aka bar ƙofar gida a buɗe. Bayan awa uku wani mai gyaran taya ya kawo ta, ya same ta a bakin sabuwar hanyar tana tambayar mutane da ladabi ko sun san inda Mamanta take. Tun daga ranar makulli yana ɗaure a bakin zanin Mai ɗinki.

Sun koma asibiti, sun je wani babba a wani gari. Sun koma wurin Malam, ya yi karatu har muryarsa ta dushe, ya ce babu kowa a jikinta, babu wanda zai kora. Safiyo ya daina fita sai masallaci. Bai taɓa ce wa matarsa ke kika ja ba, ko a fuska. Wani lokacin takan so ya faɗa, ko sau ɗaya, ta samu ta yi kuka a gabansa.

Abin da ke hana ta sukuni ba na yau ba ne. Takan dubi hannayenta a kan keke, ta ga jijiyoyi sun fara fitowa, ta yi ta lissafin wanda zai riƙe hannun yarinyar nan in ita ba ta nan. Yayyenta kowa da gidansa da nasa nauyin. Ta ja keken ta mayar da shi ɗakin Auta, don duk inda yarinyar ta ɗaga ido ta gan ta.

Da yamma ne abin ya fi tsananta, in haske ya fara ja da baya. Auta takan zauna a bakin gadonta, gadon da take kwana a kai tun tana shekara shida, ta haɗa gwiwoyi, ta ɗora jakarta a cinya kamar baƙuwa mai jin kunyar masu gida. Takan dubi bango, ta dubi labule, ta dubi taga. Sannan ta matso ta yi ƙasa da murya don kada masu gidan su ji.

"Mama, dare zai yi mana fa. Yaushe za mu koma gida?"

Da farko Mai ɗinki takan ce ai nan ne gida, ta nuna mata kayanta ɗaya bayan ɗaya, yarinyar ta yi ta kuka don ta ga ba ta gane ba. Yanzu ta daina.

"Bari in ƙarasa wannan hannun rigar," take cewa. "Saura kaɗan."

Auta ta gyara zama, ta riƙe jakarta, tana jira.